HAƘƘIN 'YAN MAZAN JIYA A KANMU

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron karrama tsofaffin sojoji a Abuja



Malam Shugaban taro, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, manyan baƙinmu 'yan mazan jiya da ke zaune a sahun gaba, ranku ya daɗe. 'Yan'uwa 'yan ƙungiya, barkanmu da yamma.

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan tsofaffin sojoji da abin da ya wajaba mu yi masu. Na karɓa, amma da sharaɗin a bar ni in taɓo wata magana da kowa a zauren nan ya san da ita, ana ta kewaye ta. Wato maganar yadda siyasa ta shiga tsakaninmu tun daga zaɓen 2023. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai waɗanda suka daina zuwa taro saboda wane yana zuwa. Akwai waɗanda suka janye hannu daga asusun taimako don sun ce ma'aji ɗan jam'iyyar wane ne. Da aka kawo shawarar wannan taro na yau ma, sai da aka tambaya: su waɗanne sojojin za a karrama, namu ko nasu? To wannan tambaya ita nake so mu zauna a kanta.

Bari mu fara da ranar da gwamnati ta keɓe. Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, Shugaban Ƙasa da mataimakinsa da shugabannin Majalisa da hafsoshin soja sukan hallara a dandalin tunawa da ke daura da Dandalin Eagle. A yi fareti, a ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. Kafin ranar akan yi addu'a a Masallacin Ƙasa ran Juma'a, a yi a Cibiyar Kirista ta Ƙasa ran Lahadi. Da can ba a watan Janairu ake yi ba. Ranar 11 ga Nuwamba ake yi, tare da Ingila da sauran ƙasashen da ta raina, domin a ranar ce aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya Nijeriya ta mai da tata ranar 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a gaban Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Ikko.

Amma fa ku lura, jama'a. Ranar 15 ga Janairu tana da wata fuskar, wadda mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a tuna mana. A ranar ce, a 1966, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe shi, aka kashe Akintola a Badun. Aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da Laftanar-Kanar Yakubu Pam. A cikin hafsoshin da aka kashe a daren akwai Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde, Yarabawa, akwai kuma Laftanar-Kanar Arthur Unegbe, wanda Ibo ne. Wannan sunan na ƙarshe ba a cika ambatarsa a hirarmu ba, alhali yana cikin lissafi. Ka ga ke nan rana ɗaya ce, da ita aka buɗe ƙofar fitina, da ita kuma aka rufe ta bayan shekara huɗu cif.

Duk wanda ke yawo a tsakiyar birnin nan yana taka waɗannan sunaye kullum. Titin Zakariya Maimalari, titin Kur Muhammad, titin Ademulegun, titin Shodeinde, ga titin Ahmadu Bello da na Tafawa Ɓalewa. In ka gangara Maitama sai ka hau titin Aguiyi Ironsi, wanda aka kashe ranar 29 ga Yuli 1966 a juyin mulki na biyu. Direban tasi ya san su duka, amma bai san cewa labarin wata mummunar shekara yake bi layi-layi ba. Janar Murtala ya kafa dokar gina Abuja ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe shi, don a sami birnin da babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne ita kaɗai. Da aka dawo da gwamnati nan ranar 12 ga Disamba 1991, kowa da jakarsa ya zo. Gwarawa da sauran 'yan asalin wurin muka tarar. Bahaushen Dei-Dei da Ibon Dei-Dei duk zuwa suka yi.

To su wane ne 'yan mazan jiya? Tarihin Bahaushe da kaki ya daɗe. Rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya, wadda Baturen nan Glover ya haɗa a Ikko a 1863, da Hausawa aka fara ta, har ana kiranta da sunansu. Shi ya sa Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki, har Bayarabe da Tibi da Bajju suka riƙa ba juna umarni da ita. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samari daga ƙauyukanmu aka kai su Habasha da Somaliya, sa'an nan aka kai Runduna ta 81 da ta 82 dajin Bama suka gwabza da Japanawa. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Sunayen wuraren da suka yi fama da na rundunoninsu su ne a jikin barikokinmu: Mogadishu a nan Asokoro, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan a Ikko. Barikin Bukavu na Kano kuwa sunan wani gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960. Da 'yan Bama suka dawo, Malam Sa'adu Zungur ya yi masu waƙar Maraba da Soja. Amma kuɗin sallamar da Turawa suka ba su bai kama ƙafar na farar fata ba, ko da igiyarsu ɗaya. Wanda ya tafi Bama yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana raye yau ya kai shekara 100. Wannan sahun kusan duk ya wuce, Allah ya jiƙansu.

Akwai wani labari daga Bama da nake so matasanmu su sani. Wani yaro Bayarabe, Isaac Fadoyebo, an harbe shi a ƙafa a 1944 a bakin kogin Kaladan, abokan tafiyarsa suka mutu, aka bar shi a daji shi da wani ɗan Saliyo. Wani talaka Musulmi manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, yana ciyar da su wata da watanni, alhali ya san in Japanawa suka gano, shi da iyalinsa sun gama yawo. Ba ƙabila ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, ko harshen juna ba sa ji sosai. Fadoyebo ya dawo gida ya rayu har 2012. Shekara ɗaya kafin rasuwarsa wani ɗan jarida ya nemo 'ya'yan Shuyiman ya kai masu wasiƙar godiyarsa.

Sahu na biyu su ne na yaƙin basasa, kuma yawancin dattawan da ke gabanmu daga cikinsu suke. An fara yaƙin ranar 6 ga Yuli 1967, aka yi wata 30 ana yi. Kafin yaƙi sojan ƙasar nan bai wuce mutum 10,000 ba, ko da aka gama ya kai wajen 250,000. Daga ina aka samo su? Daga gona, daga kasuwa, daga tasha, daga makarantar allo. A ba yaro horon 'yan makonni, a rataya masa bindiga, a tura shi bakin daga, ko ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa ta Nsukka da Inugu, ko ƙarƙashin Murtala ta Benin da Asaba, ko ƙarƙashin Adekunle ta bakin teku. Bayan yaƙi gwamnati ta ga ba za ta iya riƙe wannan taro ba, sai aka shiga rage su. Da yawa an sallame su ba su cika shekarun da doka ta gindaya na samun fansho ba. Su ne kuke gani suna gadi a ƙofar gidajen manya a Asokoro da Maitama, har ƙarfi ya ƙare. Ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. A ɗaya ɓangaren ma yara ne irin waɗannan. An kashe 'yan'uwansu a garuruwan Arewa a watan Mayu da Satumba da Oktoba na 1966, suka gudu gida da abin da hannu zai iya ɗauka. An kashe fararen hula a Asaba a watan Oktoba 1967. Mutum miliyan ɗaya ko fiye suka mutu a yaƙin, akasarinsu yara ƙanana da yunwa ta kashe. Bayan yaƙi, mai kuɗi a banki komai yawansu fam 20 aka ba shi ya fara sabuwar rayuwa. Naƙasassun sojojinsu an tara su a Oji River suna bara a bakin titi shekara da shekaru. Na san wani zai ce, Malam, su suka fara. Shi ma can in ka zauna da shi zai ƙirga maka daga inda shi yake ganin an fara. Kowa da ranar da yake fara lissafinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba na ce ku yarda da lissafinsa ba. Cewa na yi ku san yana da shi, kuma akwai gawa a ciki kamar yadda take a namu.

Ku duba yadda waɗanda suka yi yaƙin da kansu suka yi da juna. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, bai kafa kotun rataye kowa ba. Tun ma kafin nan, da aka kashe Manjo Nzeogwu kusa da Nsukka a ƙarshen Yulin 1967, Gowon ya sa aka kai gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar soja da faretin girmamawa. Wannan abu har gobe yana yi wa 'yan Arewa da yawa ɗaci, ni ma ban ce ya yi mini daɗi ba, don mun san abin da mutumin ya aikata a gidan Sardauna. Amma haka aka yi, kuma ɗan Arewa ne ya ba da umarnin. Shekara tara bayan yaƙi, Alex Ekwueme ya zama mataimakin Alhaji Shehu Shagari. A 1982 Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo daga gudun hijira a Kwaddebuwa. Shi Ojukwun nan a Zungeru aka haife shi, yana jin Hausa, kuma shi ne kwamandan Bataliya ta 5 a Kano a Janairun 1966. A 2000 Obasanjo, wanda ya karɓi ragamar rundunar Adekunle a 1969, ya mai da korar da aka yi wa sojojin da suka bi Biyafara ta zama ritaya. Da Ojukwu ya rasu a 2011, sojan Nijeriya ne suka ɗauki akwatin gawarsa a 2012. A garuruwan Arewa da dama kuma, Ibon da suka dawo bayan yaƙi sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara masu. Iyayenmu ne suka yi wannan, ba wasu baƙi ba.

To in waɗanda suka harbi juna sun iya haka, mu me aka yi mana? Ƙuri'a ce fa kawai. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, a nan Abuja Peter Obi ya sami ƙuri'a 281,717, Bola Tinubu 90,902, Atiku Abubakar 74,194. Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar ranar 26 ga Oktoba 2023. Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce, duk wanda ka zaɓa, maƙwabcinka na dama ko na hagu wani ya zaɓa daban. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, gidan mai bai tambayi kowa katin jam'iyya ba. Kuma wannan cuta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dattawa sun san zamanin NPC da NEPU, lokacin da aka kashe aure saboda siyasa, aka ƙi bin liman salla, aka ɗaure mutane. Sun san santsi da taɓo a Kano, wa da ƙane ba sa ga-maciji. Amma da ƙasa ta shiga yaƙi, Malam Aminu Kano da Awolowo da Joseph Tarka, 'yan adawar jiya, duk sun zauna a majalisar Gowon sun riƙe ma'aikatu. Ina jin kun tuna 2021, da aka buɗe kejin tantabaru a gaban Shugaba Buhari suka ƙi tashi. Kwana da kwanaki ana ta muhawara a waya, masoya na kare tsuntsu, 'yan adawa na fassara shi. Ban ji wanda ya tambayi matar sojan da ta ajiye fure a wurin ko ta ci abinci ba.

Akwai wata ƙorafin da na ji, kuma ba zan raina ta ba. Wasu sun ce, yaya za mu karrama soja bayan abin da soja ya yi mana? Suna nufin shekarun mulkin soja da bulala, suna nufin Zariya a Disambar 2015, suna nufin Tudun Biri ranar 3 ga Disamba 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi, mutum 85 ko fiye suka rasu. Gaskiya ne, an yi. Neman a yi bincike a biya diyya a hukunta mai laifi haƙƙi ne, kada kowa ya fasa. Sai dai tsohon kofur ɗin da ke fama da ciwon suga a ɗakin haya a Karmo ba shi ya ba da umarnin ba. Ku je maƙabartar soja ta ƙasa da ke kan hanyar filin jirgi ku karanta alluna. Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali yana nan, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwambar 2016. Janar Ibrahim Attahiru yana nan da waɗanda suka faɗi tare da shi a jirgi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021. Sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris 2024 suna nan. Musa kusa da Emeka, Emeka kusa da Adewale. Waɗanda suka tsira daga Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, da na Sambisa, suna nan cikinmu, wani ba ƙafa, wani ba ya barci da dare, in taya ta fashe sai ya kwanta ƙasa. Mu da muka ga tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilu 2014 mun san abin da suke tare mana.

Ita gwamnati tana da hukumominta. Akwai Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Ƙasa, wato Lijiyon, wadda doka ta kafa tun 1964. Akwai Hukumar Fanshon Soja a Dutsen Alhaji. Duk da haka kun gani da idonku, a 2022 da Disambar 2024 da Janairun 2025, tsofaffi da furfura sun shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙinsu. Ba ƙaramar ƙungiya irin tamu ce za ta biya fansho ba, wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Ƙungiyoyin taimakon jama'a na duniya, irin su Rotary, wadda aka kafa a Chicago ta Amurka a 1905 kuma reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961, suna da wata ƙa'ida: ƙungiya ba ta goyon bayan ɗan takara. Kowa ya ajiye hularsa ta jam'iyya a bakin ƙofa. Ina ganin abin koyi ne. Mu kuma muna da namu darasin. Jam'iyyar Mutanen Arewa ƙungiyar zumunci ce da raya al'adu da aka fara ta, a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Mu ba can muka nufa ba, kuma ina roƙon shugabanni su sa wannan a rubuce cikin tsarin mulkin ƙungiya tun kafin guguwar zaɓe mai zuwa ta taso, kada a wayi gari wani ya kawo buhun shinkafa mai hoton ɗan takara ya ce a raba wa 'yan mazan jiya da sunanmu.

Abin da nake ba da shawara shi ne a buɗe rajista. Kowane reshe, na Nyanya da Karu, na Kubwa, na Dei-Dei da Gwagwa da Karmo, na Zuba, na Gwagwalada, ya bi unguwa ya rubuta tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu da marayunsu. A takardar a sa suna, da lambar soja, da shekarar sallama, da abin da ke damun mutum. Kada a sa gurbin ƙabila, ko addini, ko jam'iyya. In aka tarar da tsoho wanda a ɗaya ɓangaren ya yi yaƙi, maƙwabci ne, a rubuta shi, ni zan fara sa hannu. Mafi yawan abin da ke hana mutanen nan haƙƙinsu takarda ce: takardar sallama ta ɓata, ko an rubuta suna ba daidai ba a banki, ko marigayi bai canja sunan magajin da ya rubuta tun yana kurtu ba, sai matarsa ta zo a ce ba a san ta ba. Muna da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati a zauren nan, muna da yara masu iya kwamfuta. Mutum ɗaya ya ɗauki fayil ɗaya ya bi shi har ƙarshe. Masu motoci su ɗauki nauyin kai tsoho Dutsen Alhaji ko asibiti ranar da ake nemansa, don kuɗin mota daga Zuba zuwa cikin gari yanzu ba wasa ba ne. Likitocinmu da masu kyamis su ware rana ɗaya a wata a auna hawan jini da suga kyauta.

Sai ziyara, wadda ba ta cin ko kwabo. Zumunta a ƙafa take. Ina so a riƙa tura mutum biyu-biyu, kuma da gangan a haɗa waɗanda na san ba sa gaisawa tun 2023, su shiga mota ɗaya. In sun isa su yi shiru su saurara. Kada a tambayi tsohon soja mutum nawa ya kashe, ba a yin wannan tambaya. A tambaye shi sunayen abokansa. In ya yarda a ɗauki muryarsa a waya, a ajiye wa jikokinsa, don na Bama sun tafi da nasu labarin ba mu ɗauka ba.

Malam Sakatare ya ce littafin rajista yana kan tebur a bakin ƙofa, shugabannin rassa su karɓi takardunsu kafin su fita, a dawo da su a taron wata mai zuwa. Yanzu kuma ina roƙon jama'a mu miƙe tsaye, a kira iyayenmu 'yan mazan jiya ɗaya bayan ɗaya da muƙaminsu, su karɓi 'yar tsarabar da aka tanada. Wanda ba zai iya tasowa ba, a kai masa inda yake zaune.